Wandon Kofur

Tun da ƙwaƙwalwar Baba Tela ta fara zubar da kayanta, abu ɗaya ne ya ƙi zubewa, shi ne ɓuya daga masu kaya. Ya manta sunan layinsu, ya manta ko ya ci abinci, wani lokacin ma sai ya dubi 'yarsa Auta, wadda take yi masa wanki da girki, ya tambaye ta 'yar gidan wa ce. Amma idan abin ya motsa, sai ya shige ɗakin ɗinkinsa da ke kallon lungu, ya danna sakata ya yi lamo, don a ransa Auta wata mata ce da ta kawo ɗinki tun bara, yau ta zo karɓa, shi kuwa ko yankawa bai yi ba. Duk wanda ya taɓa hulɗa da tela ya san wannan ɓuyan, hali ne zanen dutse.

Da ba zai dami kowa ba, ba don ciwon sukari ba. Idan lokacin cin abincinsa ya wuce, jikinsa sai ya ɗauki rawa, gumi ya keto masa, ya sulale. An taɓa tsintar sa a sheme kusa da keken ɗinki, kuma tun daga ranar Auta ba ta ƙara jin ƙarar sakatar nan ba tare da gabanta ya faɗi ba.

Maƙwabta sun gwada dabararsu. Wani ya zo da yagaggiyar riga, wata ta zo da zane, Baba ya ce daga ciki ba ya karɓar sabon aiki. Aiki ɗaya ne bai taɓa mayarwa ba, na hukuma, domin a zamaninsa ya ɗinka wa 'yan sanda kaki, kuma har yanzu yana ganin hukuma ba ta jira. Wanda ya gano haka shi ne Kofur, wani dogon ɗan sanda mai tafiya da ɗingishi kaɗan, wanda ya tsufa a caji ofis ɗin unguwar ba tare da ya taɓa kama wani abin kirki ba. Ya ware wani tsohon wandon kakinsa, ya ajiye shi a ƙasan tebur. Auta na buga waya, sai ya yage aljihun, ya hau kekensa, ya zo ya ƙwanƙwasa.

"Baba Tela, aljihu ya sake yagewa, ga shi gobe muna da fareti."

Sai ka ji sakata ta ja baya. Baba ya karɓi wando yana faɗa, "Ku dai aljihunku ba ya ƙarko, kaya ne suka yi masa yawa." Kofur ya yi dariya ya zauna a benci, Auta ta kawo shayi da burodi wai na baƙo ne, baƙon kuwa ya ce ba ya cin abinci shi kaɗai. Aljihun nan ya sha ɗinki har zaren da ke jikinsa ya fi yadin yawa.

To, a bana ne aka waiwayi caji ofis ɗin da alheri. Unguwar da babban laifinta satar takalmi da faɗan masu haya a kan famfo, ita aka aiko wa motar sulke. Ƙatuwa ce, launin toka, mai gajerun tagogi, mutanen unguwa suka sa mata suna Dorina. Tare da ita aka kawo hulunan kwano masu baƙin gilashi, da rigunan sulke, da garkuwoyi, da wani sabon Kwamanda da ya dawo daga kwas da baki cike da kalmomin da ba a taɓa ji ba. Dorina ta yi watanni a tsaye ba aikin fari ba na baƙi. Kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa, matar Saje ta taɓa shanya bargo a kanta aka kusa korar mijinta. Kwamanda kullum sai ya zagaya ta yana shafawa, yana duban unguwar da takaici, don ta ƙi yin laifin da ya kai girman motar.

Ranar da abin ya faru, Auta ta dawo daga kantin maganin da take aiki da hantsi, ta tarar da abincin Baba a rufe yadda ta bar shi, ƙofar ɗakin ɗinki kuma a garƙame. Ta kira shi, ya ce ta dawo jibi. Ta buga lambar caji ofis da ta saba, sai ta ji muryar wata budurwa mai sanyi tana cewa nan Cibiyar Ɗaukin Gaggawa ce.

"Don Allah Kofur nake nema, ki ce masa Auta ce, ya zo da wandon."

"Ba a neman mutum da suna yanzu. Mene ne yake faruwa?"

"Babana ne ya kulle kansa a ɗaki."

"Ya ƙi fitowa?"

"Ya ƙi."

"Akwai wani abu mai kaifi a wurinsa?"

Auta mutum ce mai gaskiya, abin da ya cuce ta ke nan. Ta ce, "Almakashi dai ba ya barin hannunsa. Akwai reza ma, da allurai. Tela ne fa."

"Ya taɓa yin haka?"

"Sau nawa kuma? Ai ya saba."

Aka ji budurwar tana danne-danne, sannan ta ce Auta ta nisanci ginin, taimako yana tafe.

Ba taimakon ta fara gani ba, jin sa ta yi a tafin ƙafarta. Ƙasa ta ɗauki rawa, kwanukan Iya ta gidan gaba suka zubo daga kanta. Sai ga Dorina ta kunno kai, jiniya na kuka. Lungun nasu kuwa ko masu baro biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya manne da bango. Direban ya duba, ya ce ba za ta shiga ba. Kwamanda ya ce a kwas an koya musu babu inda ba ta shiga. Ta shiga ɗin kuwa, har zuwa ƙugu, ta kankare bangon hagu da na dama, ta cije. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi, ƙofofin gefe suka ƙi buɗuwa.

Dakarun suka riƙa fitowa ta murfin sama ɗaya bayan ɗaya, kowa na nishi, ana turo shi daga ƙasa, ya sulmiyo ta goshin motar ya faɗo a ƙofar Iya. Duk baƙaƙe ne daga sama har ƙasa, ba fuska ba suna. Kafin Auta ta buɗe baki an ja wani jan zare an tura ta bayansa, tare da Iya da sauran 'yan kallo.

"Ni ce na kira ku fa! Gidanmu ne!"

Wani mai hular kwano ya ce wani abu daga cikin gilashi, kamar mai magana a cikin randa. Ba ta ji ba, shi ma da alama bai ji ta ba.

Kwamanda shi kaɗai ne ya ɗaga gilashinsa, don ya samu ya sa lasifika a baki. Ya tsaya bayan garkuwa, taku kaɗan daga ƙyauren katako wanda yaro ma zai iya ɓallawa, ya kwarara murya har tantabaru suka watse.

"Kai mutumin da ke ciki! An kewaye ka! Ka ajiye makami ka fito!"

Can sai muryar Baba ta fito, siririya, cike da ladabin wanda ya san shi ne da laifi.

"Ku yi haƙuri ku dawo jibi, ban gama ba."

Kwamanda ya waiwayo ya dubi mutanensa, fuskarsa har wani haske take yi. "Kun ji ko? Bai gama ba. A tashi jirgi mu ga abin da bai gama ba."

Aka fito da wani ɗan jirgi marar matuƙi, bai fi faifai ba, ya tashi yana zuza, ya leƙa ta tagar saman ƙofa. Kwamanda ya ƙura wa allon hannunsa ido, sai aka ga ya ja da baya. A kusurwar ɗakin akwai mutum-mutumin da Baba yake gwada riga a kansa tun kafin a haifi Auta, ba kai, ba hannuwa, an rataya masa rabin kwat, an soka masa fil ko'ina a ƙirji.

"Akwai wani a ciki!" in ji Kwamanda a oba-oba, wato rediyonsu na hannu. "Yana tsaye ba ya motsi. Ba na ganin kansa. Ina maimaitawa, ba na ganin kansa!"

Auta ta ɗaga murya iya ƙarfinta, "Yallaɓai, katako ne da auduga! Bai taɓa yin kai ba!"

"A kwantar wa 'yar uwar wanda aka yi garkuwa da shi hankali," in ji Kwamanda, ko kallon ta bai yi ba.

Iya ta tafa hannu ta ce, "Yau ni na ga abin da ya isa. Wannan gunkin ni na taya uwarki ɗauko shi daga kasuwa." Mutane suka yi dariya. Auta ma ta kusa yi, sai ta dubi inuwar bango ta ga rana ta take tsaka, ta tuna tun jiya da yamma ba abin da ya shiga cikin tsohon. Dariyar ta maƙale mata, tsoro ya kama ta sosai.

Ta shiga bin baƙaƙen hulunan da ido, tana neman mutum ɗaya. Fuska ba ta taimaka ba, sai ta koma kallon ƙafafu. Can a ƙarshen layi ta ga wani dogo ya gyara tsayuwa, ya ɗan jingina nauyinsa a ƙafar dama. Ta sunkuya ta ƙarƙashin zaren, ta kama hannun rigarsa.

"Kawu Kofur, kai ne?"

Hular ta gyaɗa. Ya matso da gilashin daf da kunnenta, ta ji muryarsa can ƙasa. "Ni ne, Auta. Ina jin adireshin na ɗauko wandon. Yana nan a cikin rigar nan, a kan cikina. Har na yage aljihun."

"To ka je mana!"

"An ce wanda ya bar layi ba umarni, a bakin aikinsa."

Duk da haka ya je, yana ɗingishi ƙarƙashin kayan da suka kusa rinjayarsa, ya ƙame a gaban Kwamanda ya sara. Ya ce ranka ya daɗe, ya san tsohon nan, a ba shi dama ya cire hula ya ƙwanƙwasa, yanzu za a gama. Ya yi bayanin wando, da aljihu, da shayi. Kwamanda ya saurara yana taɓe baki.

"Kofur, ka taɓa zuwa kwas?"

"Ban taɓa ba, ranka ya daɗe."

"Shi ya sa. Ba a tunkarar mai makami da fuska a buɗe. Amma aika masa da abin da yake so, wannan yana cikin tsari, ana kiran sa gina amana. A ba jirgi wandon."

Sai da mutum biyu suka kwance wa Kofur rigar sulke kafin a zaro wandon, ya jiƙe sharkaf da gumi, sannan suka mayar da Kofur cikin rigar suka ɗaure tamau. Aka rataya wandon a ƙafar jirgin. Unguwa gaba ɗaya ta ɗaga kai tana kallon wandon ɗan sanda yana tafiya a sama shi kaɗai, ƙafafunsa na lilo, har ya shige ta tagar, jirgin ya sake shi ya dawo.

Sai ga muryar Baba, wannan karon da ƙarfinta, irin ta da.

"Wannan aljihun kuma? Kofur, kai dai ba ka jin magana!"

Sai keken ɗinki ya ɗauka, kat-kat-kat-kat. Kafin ka ce kwabo dakarun nan sun zube a ƙasa, garkuwa a ka, wani ya faɗa kwata, Kwamanda yana ihu a oba-oba cewa an buɗe musu wuta. Iya ta dafa bango tana dariya har da hawaye. Auta kuwa daɗi ne ya rufe ta, don ta san wannan ƙarar. Idan keken ya tsaya, sakata ce za ta biyo baya. Ta ruga ciki ta ƙofar baya ta ɗauko shayi da burodi, ta dawo ta tsaya a bakin zaren da faranti a hannu.

Keken ya tsaya. Sakata ta ja baya.

Baba ya fito yana ƙifta ido saboda rana, tef ɗin awo a wuyansa, tabarau a kan hanci. Wando na hannun hagu, almakashi na hannun dama, don akwai ɗan zaren ƙarshe da ya saba yankewa a gaban mai kaya, ya nuna masa aiki ya kammala. Ya dubi benci, ba kowa. Ya ɗaga kai ya ga katangar garkuwoyi, da bakunan bindigogi, da baƙaƙen gilasai waɗanda ba abin da yake gani a cikinsu sai wani ƙaramin tsoho riƙe da wando.

"Ina Kofur?" in ji shi.

Duk suka amsa masa lokaci guda. Wani na cewa ya kwanta, wani na cewa kada ya motsa, wani ya ɗaga hannu, wani ya ajiye abin da ke hannunsa, lasifika kuma ta haɗiye su duka. Ko mai cikakken hankali ba zai san wanda zai bi ba. Baba ya yi abin da ya ga ya dace, ya tako gaba yana miƙa wandon, yana duba su ɗaya-ɗaya ko zai ga mai shi.

Auta ta ga Kofur ya jefar da garkuwa yana kokawa da maɗaurin hularsa. Safar hannun ta yi kauri, maɗaurin sabo ne, ya ƙi. Yana ta kiran "Baba Tela, ga ni, ga ni," amma muryar ba ta wuce gilashin ba.

Aka jefa wani abu a ƙasa, ya fashe da ƙara da farin haske. Farantin ya suɓuce daga hannun Auta. Da idonta ya dawo, ba ta ga mahaifinta ba, sai tulin baƙaƙen bayansu a inda yake tsaye, da ƙafarsa ɗaya ta leƙo daga ƙasa, silifas ɗin ya cire. Ta yi ihun da ba ta san tana da shi ba. Wasu kuma, da yake sun ɗauko gungumen fasa ƙofa tun daga ofis, ba su so su mayar da shi haka nan ba, suka rufe ƙyauren da Baba ya buɗe, suka fasa shi, suka shiga. Suka fito da mutum-mutumin a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, an lulluɓe shi da bargo.

Bai mutu ba. Wuyan hannunsa na dama ne ya karye, gefen fuskarsa ya ɗaye a kan siminti. Motar asibiti ta zo amma ba ta da hanya, Dorina ta toshe lungun, sai da Auta da Kofur suka ɗauke shi ta gidan Iya, ta madafa, suka fita ta ƙofar baya, har lokacin da ankwa a hannunsa domin mai makullin yana cikin mota bai samu fitowa ba. Washegari aka rushe katangar Iya aka ciro Dorina. Aka ce an yaba wa Kwamanda, wai an kammala aiki ba a rasa rai ba, kuma an nemi a ƙara musu mota ta biyu wadda ta fi siranta.

Bayan an sallamo Baba, ɗakin ɗinki ya zauna ba ƙyaure, Auta ta rataya labule. Ba ta ƙara jin ƙarar sakata ba, abin da ta daɗe tana roƙo ke nan, kuma da ta samu ba ta ji daɗinsa ba ko kaɗan. Baba ba ya shiga ɗakin. Yana zaune a tsakar gida yana kallon hannunsa da ke cikin filasta, yana tambayar ta wa ya naɗe masa shi. Ta ce faɗuwa ya yi. Likita ya ce ta kwantar da hankalinta, mai irin wannan lalurar ba ya riƙe abu, zuwa yanzu ya manta. Ta yarda, don tana so ta yarda.

Wata ranar hutu da safe ta ji ƙararrawar keke a ƙofa. Kofur ne, ba hula ba sulke, cikin tsohon kakinsa da ya koɗe, an goge shi tas. Ya tsaya yana murza wandon nan a hannu, ya kasa haɗa ido da ita.

"Na ce ko zai ji daɗin ganinsa," in ji shi. "Ban yage ba wannan karon. Na kasa."

Ta duba, ga ɗinkin nan a miƙe sambal, ga ɗan zaren ƙarshe yana reto ba a yanke ba. Ta ce ya shigo, bari ta ɗora shayi.

Kofur ya yi sallama ya shiga tsakar gida, ya rusuna yadda ya saba. "Baba Tela, barka da hutawa."

Baba ya ɗago. Bai dubi fuskar ba, kakin ya duba. Mutumin da ya manta sunan matarsa, ya manta 'yarsa, ya manta ko ya karya, sai ga shi ya zamo daga kujera a hankali, ya durƙusa, ya kwanta rub da ciki a kan siminti, ya kai hannuwansa biyu bayan ƙeya, har da mai filastar. Ba wanda ya ce masa komai.

Kofur ya ja da baya har ya yi karo da bango, ya juya ya fita. Auta ta ji ya zauna a dakalin waje, ta ji wani sauti da ba ta taɓa ji daga bakin ɗan sanda ba.

Ta durƙusa, ta ga ba za ta ga idonsa daga nan ba, sai ta kwanta ita ma a kan simintin, ta sa kumatunta kusa da nasa.

"Baba, tashi. Ba kowa, sun tafi."

Ya dube ta da ido ɗaya, ya yi ƙasa da murya don kada na waje su ji.

"Baiwar Allah, ki taimake ni ki gaya musu na gama. Ki ce su ɗauka, ba sai sun biya ba."